Kafin Ka Buga Katin “Wedding”, Ka San Abin da Ka Jinginar

Ɗana, da ke 'yata, ina ganin katunan gayyatar da kuke rabawa yanzu, ina kuma ganin kalmar da kuke sa mai ɗab'i ya rubuta da ruwan zinariya a saman kati: “wedding”. Ba zan hana ku ba. Harshe ba ya jin kunyar aro, mu ma sadaki da waliyyi da idda duk daga Larabci muka ɗauko su. Sai dai a wurinku kalmar nan ba ta wuce zauren biki ba, da kek mai hawa uku, da mai hoto yana cewa ango ya ɗan matso. Waɗanda suka ƙera ta ba su san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A bakinsu magana ce ta bashi da lamuni, irin wadda ake yi gaban shaidu fuska a ɗaure.

Mutanen da nake nufi su ne Anglo-Sakson, ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak ta yau, suka zauna a Ingila tun wajen ƙarni na 5, suka riƙe ƙasar har Normawa suka ci su da yaƙi a 1066. Harshensu ake kira tsohon Turanci, kuma Baturen yau in ka ajiye masa shafi guda a gabansa sai ya yi ta kallo, ba ya iya karantawa sai ya shiga aji. A harshen nan “wedd” jingina ce, abin da mutum yake sawa a hannun wani don a tabbatar zai cika abin da ya faɗa, in ya saɓa ya yi asararsa. Wanda aka kai ƙararsa yana ba da “wedd” cewa zai bayyana gaban shari'a. Sarakuna biyu in sun gaji da yaƙi, da rantsuwa da “wedd” suke ƙulla sulhu. Har alkawarin da ke tsakanin Ubangiji da bayinsa, in masu fassara littafin addininsu sun iso kansa, da kalmar nan suke fassara shi. “Weddung” kuwa, wadda ta zama abin da kuke bugawa a kati, ranar ɗaukar alkawari ce, kusa da abin da muke kira baiko. Shagalin yana da nasa sunan daban, za mu zo kansa.

Akwai 'yar'uwarta, “wedlock”, da masu ba'a suke cewa ai ga shi nan, aure kwado ne, tunda ƙarshen kalmar ya yi kama da sunan kwado a Turancin yau. Kama da wane ba ta wane. Asalinta “wedlac”, kuma “lac” ɗin nan aiki ne ko miƙa abu, wato aikin ba da jingina. Saiwar nan ɗaya ce ta ratsa ta Faransanci ta dawo Ingila da sabuwar riga, “gage”. Saboda haka saurayin da ya zura wa budurwa zobe ya ce sun yi “engagement”, da magidancin da ya jinginar da gidansa a banki ya ce ya yi “mortgage”, kalma ɗaya suke taunawa, ko sun sani ko ba su sani ba.

To, me ake jinginarwa, kuma ga wa? Akwai wata gajeriyar takarda da ta tsira daga wajen shekara ta 1000, wadda ta jera yadda ake neman aure bisa ƙa'ida a Ingila ta lokacin. Ina so ku bi ta daki-daki, don jerin da aka yi a cikinta ya fi kowane wa'azi da zan yi muku.

Ta fara da sharaɗi: sai in abin ya yi wa matar daɗi, ita da danginta. Budurwa ce ko wadda mijinta ya rasu, yardarta aka fara ambata. Daga nan mai nema zai tsaya gaban waɗanda suke magana da yawunta, ya yi alkawari, ya ba da jingina, cewa zai riƙe ta bisa dokar Allah yadda ya kamata miji ya riƙe matarsa. Bakinsa kaɗai bai isa ba. Dole abokansa su tsaya masa, su ɗauki lamuni. Kalmar lamunin nan ita ce “borh”, kuma daga gidanta “borrow” ta fito, wadda ɗan makaranta ya sani da ma'anar aro ko rance.

Tsaya nan, ɗana, ka dubi jerin sunayen da ka rubuta a ƙarƙashin abokan ango. Mutum goma sha wani abu ne, duk ka ɗinka musu anko, wani ma sai ka biya masa kuɗin tela. A cikinsu wa zai yarda ya sa hannu cewa in ka wulaƙanta 'yar mutane, ko ka bar ta da yunwa ka tafi yawon gari, shi za a kama? A Ingila ta wancan zamani wannan shi ne aikin abokin ango. Ba don ya cika mota a jerin gwano aka gayyato shi ba. Mutumin da ya rasa wanda zai tsaya masa ya rasa mata, kuma wannan kaɗai ya ishi dangin yarinya bincike: in waɗanda suka tashi tare da kai, suka san barcinka da farkawarka, sun ƙi ɗaukar lamuninka, me ya rage a tambaya? Ka zaɓi mutum biyu da za su iya shigowa gidanka bayan shekara biyar su ce maka ba ka kyauta ba, ka kuma ji kunyarsu. Sauran su zo su ci shinkafa, babu laifi.

Bayan wannan sai a tantance wa ke da haƙƙin “fosterlean”, ladan reno, abin da ake bai wa waɗanda suka raini yarinyar. Sannan sai babbar maganar: ango ya faɗa a fili, gaban kowa, abin da zai ba ta saboda ta amince da shi, da kuma abin da zai zama nata in ta fi shi daɗewa a duniya. Ka ji fa. Ranar baiko, ana zaune ana murna, ake maganar mutuwar ango. Mu da wani kawu zai ɗaga wannan magana a zauren neman aure, da an ce masa mai mugun baki, a yi ta hararsa har a watse. Su kuwa suna ganin wanda bai tanadar wa matarsa ranar da babu shi ba bai gama neman aure ba. Takardar ta ce in an daidaita a kan haka, rabin dukiya nata ne, in kuma suna da ɗa tare duka nata ne, sai fa in ta sake aure.

Akwai wani sharaɗi kuma da nake so iyaye maza su ji. In mijin zai ɗauke ta zuwa wata ƙasa, ƙarƙashin wani hakimi, danginta su karɓi tabbaci cewa ba za a cuce ta a can ba, kuma in ta yi laifi su za a nema su tsaya mata. Yau muna sa 'ya'yanmu a jirgi zuwa garuruwan da ba mu taɓa takawa ba, hannun yaron da muka sani wata uku, abin da muke riƙe da shi lambar waya ce kawai. Limamin coci ma sai can ƙasa aka ambace shi a takardar, a wurin miƙa amarya, don ya sa albarka. Kafin a kai gare shi an riga an gama maganar wa zai biya, wa zai tsaya, wa za a tambaya.

Kada ku ɗauka ƙa'ida ce kawai a takarda. Akwai yarjejeniyar aure ta gaske da ta tsira daga yankin Kent, tsakanin 1016 da 1020. Wani mai hali ana ce masa Godwine ya nemi 'yar wani ana ce masa Brihtric. Ya ba ta zinariya mai nauyin laba guda don ta karɓi nemansa. Ya mallaka mata fili a wani wuri da ake kira Street da duk abin da ke cikinsa, da eka 150 a Burmarsh, da shanun noma 30, da shanu mata 20, da dawaki 10, da bayi 10. An ƙulla maganar a Kingston, a gaban Sarki Kanut, Akbishop Lyfing yana cikin shaidu. Aka rubuta sunayen waɗanda suka tsaya lamuni ranar da aka ɗauko amarya, aka rubuta cewa duk wanda ya riga ɗan'uwansa mutuwa a cikin ma'auratan, na raye ya riƙe dukiyar gaba ɗaya. Sannan aka yi takardar kofi uku: ɗaya a cocin Christ Church da ke Canterbury, ɗaya a gidan ibada na St Augustine, na uku a hannun uban yarinya. Ba a amince wa ƙwaƙwalwar kowa ba, ko ta sarki.

Kun dai ji an lissafa bayi goma bayan dawaki goma, a layi ɗaya. Ban tsallake wurin ba da gangan, kuma sunan ita amaryar ma babu shi a takardar. Mutane ne masu cinikin 'yan Adam, ba waliyyai nake kawo muku ba.

Kyautar da ta fi kowacce suna a aurensu ita ce “morgengifu”, kyautar safiya, wadda miji yake bai wa matarsa kashegarin tarewa. Ba ta uba ba ce, ba ta kawu ba ce, tata ce, kamar dai yadda malamanmu suke nanata mana game da sadaki muna jin su da kunne ɗaya. A wurin masu hali kyautar nan gona ce ko ƙauye sukutum, kuma mace tana iya sayarwa, ta bayar, ko ta yi wasiyya da ita. Akwai wata mata, Aelfflaed, matar Byrhtnoth, jarumin da mayaƙan Viking suka kashe a yaƙin Maldon a 991. Da ta zo rubuta wasiyyarta bayan wasu shekaru, ta ambaci Rettendon, wani ƙauye a Essex da har yau yana nan, ta ce kyautar safiyarta ce, ta bar shi ga gidan ibadar Ely inda aka binne mijinta. Ba ta nemi izinin ƙanin miji ba. Ke 'yata, da aka karɓi sadakinki aka zuba a kuɗin haya zauren dina, wa ya tambaye ki?

Amma ba da wannan suka fara ba, kuma ba na so ku ɗauka Turawa da adalcinsu aka haife su. Doka mafi tsufa da aka rubuta da Turanci ita ce ta Sarki Aethelberht na Kent, wajen shekara ta 600. A cikinta ana maganar mutum ya “sayi” budurwa, da kalmar saye ta kasuwa, cinikin ya tabbata in babu algus, in kuwa akwai a mayar da ita gida a mayar masa da kuɗinsa. Ita kanta kalmar “gift”, da kuka sani da ma'anar kyauta, a tsohon Turanci kuɗin aure take nufi, jam'inta kuma bikin auren. Masana suna ta jayayya ko kuɗin nan hannun dangi yake shiga ko na yarinyar, amma lafazin dai ba mai daɗin ji ba ne. Sai bayan shekara ɗari huɗu da 'yan kai, wajen 1020, dokar Sarki Kanut ta faɗa ƙarara cewa kada a tilasta wa budurwa ko wadda mijinta ya rasu auren wanda ba ta so, kada kuma a sayar da ita don kuɗi, sai dai in mai nema ya ga damar ba da wani abu don kansa. Ba a kafa doka a kan abin da ba a aikatawa. In ka ji sarki ya hana auren dole, to auren dole ya yi yawa a ƙasarsa. Dokar nan kuma ta ce wadda mijinta ya rasu ta zauna wata goma sha biyu babu aure, in ta yi gaggawa ta rasa kyautar safiyarta da duk abin da ta samu daga mijin farko.

Akwai wata kalma mai daɗin sauti da mawaƙansu suke kiran 'ya'yan sarakuna da ita, “freothuwebbe”, masaƙiyar zaman lafiya. Ita ce yarinyar da ake aurar wa gidan abokan gaba don a kashe wutar gaba. Suna ne mai kyau, aikin kuwa mai ɗaci. Tsohuwar waƙarsu ta Beowulf ta kawo labarin irin matan nan, kuma ba ta yaudari kowa ba. Ɗaya, Hildeburh, an kai ta gidan abokan gabar danginta, faɗa ya sake tashi, ta rasa ɗanta da ɗan'uwanta, aka ƙona gawarsu a wuta ɗaya, daga baya aka kashe mijin aka mayar da ita gida. Wata kuma, Freawaru, tun ba a kai ta ba jarumin waƙar yake hasashen cewa wani tsoho zai hango takobin mutanensa a ƙugun ɗan rakiyar amarya, ya zuga saurayi, a koma gidan jiya. In wata rana ka girma, ɗana, ka samu saɓani da ɗan'uwanka a kan gado ko a kan kasuwa, ka je ka same shi ku yi ta ta ƙare. Kada ka ɗauki 'yarka ka ce za ka ɗinke ɓarakar da ita. Ita za ta kwana a gidan, kai kana naka.

Mu shiga cikin gida yanzu. “Husband” ba ma asalin tsohon Turanci ba ce, daga bakin mayaƙan arewa da suka zauna a Ingila aka ɗauke ta: “hus” gida, “bondi” mazauni mai noma ƙasarsa. Maigida ke nan, babu ragi babu ƙari, kuma da farko ko mutum ba shi da mata ana kiransa haka muddin shi ke riƙe da gida. Shi ya sa har yau “husbandry” take nufin noma da kiwo da tattali. Sunan na mai tattali ne. Wanda ya ci bashin da zai shekara biyu yana biya don dare ɗaya a zauren biki, ya kai amarya ɗakin da babu buhun shinkafa, ya ɗauki sunan ya bar aikin. “Lord”, da kuke ji kamar sunan mai rawani, asalinta “hlafweard”, mai gadin burodi. “Lady” kuma “hlaefdige”, mai kwaɓa burodi. Duk girman da ke cikin sunayen nan biyu daga ciyar da mutane ya taso. “Wif” ma mace kawai take nufi, kowace mace, da aure ko babu. Shi kuwa ango “brydguma” ne, namijin amarya. Da kalmar “guma” ta mutu a bakin mutane, wajen ƙarni na 16 sai suka musanya ta da “groom”, wadda take nufin yaron gida, daga baya yaron barga mai share wa dawaki. Sai ka yi ta sa a rubuta maka ita a bayan kujera.

Matar gida a wurinsu mai makulli ce, kuma doka ta san da haka. Dokar Kanut ta ce in miji ya shigo da kayan sata gida, babu ruwan matarsa, tunda ba ta da ikon hana shi shiga gidansa da abin da ya ga dama. Amma akwai wurare uku da makullinsu ke hannunta: ɗakin ajiya, da akwatinta, da ƙaramin akwatin da take adana abin da ya fi daraja. In a ɗaya daga cikin ukun nan aka samu kayan, ita ma ta shiga. Masu tonon tarihi suna samun makullai, da wasu ƙarafa masu siffar makulli, rataye a ƙugun matan da aka binne a farkon zamanin nan. 'Yata, makulli girma ne, amma kin ga abin da ke biye da shi. In miji ya kawo miki abin da albashinsa bai kai ba ya ce ki adana, ki tambaye shi daga ina. Ba makulli kaɗai ke alamta mace a wurinsu ba: wasiyyar Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899, ta kira dangin maza ɓangaren mashi, dangin mata ɓangaren mazari. Daga kaɗin nan “spinster” ta fito, mai kaɗi, wadda daga baya ta zama sunan da hukuma take rubuta wa duk macen da ba ta taɓa aure ba, har sai da aka cire ta daga rajistar aure a Ingila a 2005.

Na ce za mu zo kan shagali. Sunansa “brydealo”, giyar amarya, kuma ita ce ta zama “bridal”. In kin rubuta “bridal shower” a kati, 'yar malam, kin dai san abin da ke kwance a ƙarƙashin kalmar. Amma ba don in tsokane ki kawai na kawo ta ba. A ƙarnonin baya, a ƙauyukan Ingila, gidan amarya sukan dafa giyar nan su sayar wa mahalarta, kowa ya biya fiye da kuɗinta gwargwadon ƙarfinsa, abin da aka tara a bai wa ma'aurata su kafa gida. Abin shan ba namu ba ne, amma lissafin irin na gudummawarmu ne: a tashi daga biki ango da amarya sun fi jiya ƙarfi. Ku dubi naku lissafin kashegarin dina.

“Honeymoon” ba ta kai sauran tsufa ba, sai a 1546 aka fara ganinta a rubuce, a wani littafin John Heywood, kuma ba tafiya Dubai take nufi ba. Wani mai ƙamus, Richard Huloet, ya bayyana ta a 1552 a matsayin habaici ga sababbin ma'aurata: ƙauna ce mai zaƙi da take raguwa yadda wata yake raguwa bayan ya cika. Labarin da ake yaɗawa a Facebook cewa wai ma'aurata suna shan giyar zuma wata guda ba shi da tushe a rubuce-rubucen zamanin. Haka ma labarin “handfasting”, wai auren gwaji ne na shekara guda da kwana ɗaya, in bai yi ba kowa ya kama gabansa. Kalmar tana nufin ƙulla alkawari ta hanyar haɗa hannu, kuma alkawari ne mai ɗaurewa. Marubuci Walter Scott ne ya baza zancen gwajin a wani ƙagaggen labarinsa na 1820. In saurayi ya zo miki da irin wannan tarihin yana cewa ai ko Turawan da haka suke yi, ki san inda ya dosa.

Su kansu sun sha wuyar auren ɓoye. Tun 1215 babban taron coci a Rum ya wajabta shelar aure kafin a ɗaura, abin da Ingilishi suke kira “banns”, ana karantawa Lahadi uku a jere don duk mai magana ya fito. Duk da haka, tunda a dokarsu furucin mutum biyu ya isa ya ƙulla aure, sai aka samu limaman da bashi ya kai su kurkukun Fleet a Landan suna ɗaura wa duk wanda ya biya, a shaguna da mashaya, ba shela ba iyaye. Masu mata a wani gari suka yi ta ƙarawa a ɓoye, mayaudara suka yi ta sace 'ya'yan masu kuɗi. Sai da majalisa ta yi dokar 1753, ta ce aure sai a coci, bayan shela ko lasisi, gaban shaidu biyu, a rubuta a rajista, wanda bai kai shekara 21 ba kuma sai da yardar iyaye. Masu taurin kai suka koma gudu zuwa Gretna Green, ƙauyen farko bayan an tsallaka iyakar Sukotland, inda a lokacin har maƙeri yake ɗaura aure. Duk wanda ya ce miki a ɗaura tukuna a sanar daga baya, akwai wanda ba ya so ya ji.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne abin da ya biyo bayan 1066. Normawa sun zo da Faransancinsu, kalmomi irin su “marriage” da “spouse” da “dower” suka shigo, a hankali kyautar safiya ta ɓace daga harshe da doka. Abin da ya maye gurbinta, “dower”, sulusin ƙasar miji ne da matar take ci bayan rasuwarsa iya rayuwarta, ba ta da ikon yin wasiyya da shi. Sarakuna suka mayar da aurar da mata masu gado hanyar samun kuɗi, har sai da Magna Carta ta 1215 ta sake faɗin abin da Kanut ya faɗa shekara kusan ɗari biyu kafin nan, cewa kada a tilasta wa wadda mijinta ya rasu yin aure, kuma a bar ta kwana arba'in a gidan mijin kafin a ware mata rabonta. Sannu a hankali lauyoyi suka gina abin da suka kira “coverture”, lulluɓewa: matar aure ta shige ƙarƙashin mijinta, a idon doka su biyu mutum ɗaya ne, kuma mutumin shi ne mijin. William Blackstone ya rubuta haka a littafinsa na shari'a a 1765 a matsayin abin da kowa ya sani. Kuɗinta nasa ne, abin da ta samu da guminta nasa ne, ba ta ƙulla ciniki ko shigar da ƙara da sunanta. Masu arziki suna kewaye dokar da takardun amana da lauyoyi suke tsara wa 'ya'yansu, 'yar talaka kuwa sai yadda aka yi da ita. Duk tsawon ƙarnonin nan ba a daina cewa “wedding” ba, ba a daina sa zobe ba. Kalmar tana nan daram, abin da ke cikinta ne aka kwashe, ba tare da an yi shela ba.

Caroline Norton marubuciya ce da ta rabu da mijinta a 1836. Ya hana ta ganin 'ya'yanta uku, doka kuma ta ba shi haƙƙi a kan kuɗin littattafan da ta rubuta da hannunta. Millicent Fawcett, wadda ta yi gwagwarmayar 'yancin zaɓe ga mata, an taɓa sace mata jakar kuɗi, da aka karanta tuhumar ɓarawon a kotu sai ta ji an ce jakar mallakar mijinta ce. Sai a 1870 majalisa ta bar wa matar aure abin da ta samu da aikinta, sai a 1882 ta ba ta cikakken ikon mallaka. Abin da Aelfflaed ta yi da Rettendon, jikokinta sun yi shekara ɗari takwas kafin su sake samun irinsa.

Ku naku haƙƙin addini ya riga ya ba ku, ba sai majalisa ta zauna ba, amma kun ga yadda haƙƙi yake zubewa in an bar shi a baki. Nawa ne matan da miji ya ce “gidan nan naki ne” a tsakar ɗaki, daga shi sai ita, ranar rabon gado aka ce ta kawo shaida? Ɗana, in sadakin ajalan ne, a rubuta nawa ne da yaushe za ka biya. In ka ba ta fili ko gona ko saniya, ka kira mutum biyu adilai, a sa sunanta a takarda, ka kai ta ta ga iyakar filin da idonta. Ke kuma 'yata, kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki, da abin da kika saya da kuɗin sana'arki, ki san lissafinsu, ki adana rasit, kada kunya ta hana ki. A yi takardar fiye da ɗaya. Ɗaya a akwatinki, ɗaya a hannun waliyyinki, ɗaya wurin limamin da ya ɗaura auren.